Shekarar Toka da Shekarar Korona: Darasi a kan Farfaɗo da Arziki Bayan Annoba

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da shugabannin duniya suka yi ta tattaunawa tun shekarar 2020. Mas'alar ita ce: idan annoba ta karya arzikin jama'a, aka tashi gyara, shin za a mai da kome yadda yake dā ne, ko kuwa za a yi gyaran ta hanyar da za ta tsare mutane daga fari da ambaliya da zafin da ke ƙaruwa kowace shekara? La'alla wani ya ce wannan zancen ƴan boko ne, ba shi da gurbi a masallaci. Sai mu tunatar da shi cewa magabatanmu na ƙwarai sun riga kowa fuskantar wannan tambaya, kuma littattafanmu na fiƙihu suna da babi-babi a kanta.

Annoba da fari a lokaci ɗaya

Malaman tarihi sun ambata cewa a wajen shekara ta 18 bayan Hijira, a halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, masifu biyu suka haɗu wa Musulmi. A ƙasar Sham annobar Amwasa ta ɓarke, ta ɗauki dubban mutane, cikinsu har da manyan sahabbai irin su Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Mu'azu ɗan Jabal. A Hijaz kuwa ruwa ya ɗauke, ƙasa ta ƙone, iska tana tada ƙura kamar toka, shi ya sa ake kiran wannan shekara Amur Ramada, wato shekarar toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina, dabbobinsu sun mutu, hannunsu babu kome.

Abin da Halifa ya fara yi shi ne ceton rai. Ya sa aka girka tukwane ana ciyad da jama'a, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya hana kansa man shanu har fatarsa ta sauya, ya jinkirta karɓar zakkar dabbobi a wannan shekara, ya fita roƙon ruwa tare da Abbas, baffan Manzon Allah (SAW). Wannan sashe na labarin ana yawan kawo shi a wa'azi. Sashen da ba a cika kawowa ba shi ne abin da ya biyo baya. Da Allah Ya yaye masifar, Masar kuma ta shiga hannun Musulmi, sai Halifa ya umurci Amru ɗan Asi ya sake haƙa wata tsohuwar hanyar ruwa da ta cike, wadda ta haɗa kogin Nilu da Bahar Maliya, domin jiragen hatsi su riƙa isa gaɓar Hijaz. An san ta a tarihi da Mashigin Sarkin Muminai. Ke nan bai ɗauki saukar ruwa a matsayin ƙarshen aiki ba, domin ya san farin da ya zo sau ɗaya yana iya komowa.

Abin da ya same mu a Yamai

Mu ma mun ga irin wannan haɗuwa, sai dai tamu annoba ce da ruwa. Ran 19 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar. Kafin ƙarshen watan an killace birnin Yamai, an kafa dokar hana fita da dare, an dakatar da sallar jam'i. Azumi ya kama masallatai suna rufe, sai 13 ga Mayu aka buɗe su. Ba za mu sake tono saɓanin da aka yi a lokacin ba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Waɗanda hukuma ta ƙidaya cutar ta kashe a ƙasarmu ɗari uku ne da ƴan kai, adadi kaɗan idan aka gwada da Turai ko Amurka. Inda ta fi yi mana rauni shi ne aljihu. Mu mutanen Maourey, da muke zaune tsakiyar kasuwanci, mun ga haka da idonmu: ɗan tebur, da mai gyaran salula, da mai tuwon dare, da direban taksi, duk mutane ne masu cin abin da suka samo a yinin. Iyakokin ƙasa suka daɗe a rufe, alhali kuwa Nijeriya ta riga ta rufe tata tun watan Agusta 2019. Fatake masu zuwa Kano da Kotonu da Lome suka zauna, jari yana narkewa.

Ba a gama numfashi ba sai ga ruwa. A farkon Satumba 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubutawa ba, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari. Ganuwar da ke tare ruwa ta fashe wajen Lamorde, gidajen laka suka narke a ƙetaren kogi, gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoy suka nutse, aka tsugunar da iyalai a makarantu. Daminar 2021 kuma ta zo da akasin haka, ruwa ya yanke kafin hatsi ya nuna, har a 2022 fiye da mutum miliyan 4 suka bukaci agajin cimaka. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19.

Masana sun bayyana dalili. Hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da masana'antu ke fitarwa yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar yadda murfi ke riƙe zafin tukunya. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar ruwa, saboda haka sai a daɗe ba a samu ba, in ya tashi zuwa ya zubo na mako uku a dare ɗaya. Wannan ba ya karo da imaninmu da ƙaddara. Allah ne Mai hukunta kome, Shi ne kuma Ya sanya wa kome sababi. Sayyidina Umar ɗin nan, da ya ji labarin annoba a Sham yana kan hanya, juyawa ya yi daga Sargu, ya kuma fahimtar da sahabbai cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce.

Alkawarin duniya da abin da ya iso

Da ƙasashe masu arziki suka tashi farfaɗo da tattalinsu, sai wasu suka ɗaura kuɗin gyara a kan sha'anin yanayi. A watan Yuli 2020 Tarayyar Turai ta amince da yuro miliyar 750, aka kuma sharɗanta wa kowace ƙasa ta sa aƙalla kashi 37 cikin ɗari na shirinta a ayyukan da ke rage hayaƙi: wutar rana da ta iska, jiragen ƙasa, gyaran gidaje don su rage cin wuta. Hikimar a fili take. Tun da dai dole a kashe kuɗi don mutane su koma aiki, gara a kashe shi a aikin da zai rage masifar gobe.

Mu ma an yi mana alkawura. Tun kafin annoba, a watan Fabrairu 2019, shugabannin ƙasashen Sahel sun taru a nan Yamai suka amince da shirin yanayi na kusan dalar Amurka miliyar 400 zuwa shekarar 2030. A watan Janairu 2021, a birnin Paris, aka yi alkawarin fiye da dala miliyar 14 domin Babbar Ganuwar Itatuwa da aka tsara daga Senegal zuwa Jibuti. Dala miliyar 100 a kowace shekara da aka alkawarta wa ƙasashe matalauta tun 2009, wadda ya kamata ta cika a 2020, sai a 2022 aka ce ta cika, kuma mafi yawan abin da hukumomi suka bayar a cikinta bashi ne. A nan akwai abin dubawa ta fuskar adalci. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Wanda ya kunna wa maƙwabcinsa gobara, sa'an nan ya ranta masa kuɗin sayen azara da ruwa a kai, ba ma kiransa mai kyauta a shari'armu. Lamuni ne ya hau kansa.

Duk da haka kada mu ce babu abin da ya iso. Tashar wutar rana ta Goru Banda, a bayan gari, da faranti fiye da 55,000 da ƙarfin megawat 30, an gina ta ne da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai da na ƙasarmu. Amfaninta ya bayyana ta inda ba a zata ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da a lokacin take ba mu wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ake rarrabawa. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun san abin da suka gani a waɗannan watanni. A ƙarshen wannan shekara tashar ta fara ba da wuta, ta rage wa birni duhu. Rana ba ta ƙetare iyakar kowa kafin ta iso mana, babu mai iya rufe ta da takarda. Amma mu dubi madatsar Kandaji ta jihar Tilaberi, wadda aka tsara ta ba da megawat 130 ta kuma shayar da dubban hekta: an aza harsashinta a 2008, aka sake tada aikin a 2019, ya sake tsayawa a 2023 da kuɗin waje ya yanke. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta, ran da aka yi faɗa da yunwa zai kwana.

Aikin da bai tsaya ba

Akwai aiki ɗaya da annoba ba ta tsai da shi ba, takunkumi ma bai tsai da shi ba, kuma shi muke so ƴan'uwa su tsaya su yi tunani a kansa. Bayan yunwar 1984, a shekarar da aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, manoman wannan yanki suka fara abin da suke kira sassaben zamani. Dā in an tashi sharar gona ana sare duk tohon da ya fito daga kututture, a ƙone. Sai aka koma zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski kowace shekara. Tun da saiwar tana da rai a ƙarƙashin ƙasa, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ƙoƙari wajen yaɗa dabarar, hikima kuwa abin Mumini ce duk inda ya tsince ta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an rayar da wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200.

Ku dubi gawo, ku ga ikon Allah. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake kaɗe nasa, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore, ƴaƴansa su zama abincin tumaki da awaki. Kalgo da sabara suna tare ƙasar da iska ke kwashewa, aduwa da magarya da kuka suna ba mata abin kaiwa kasuwa. Manomin da ke da irin wannan gona, in damina ta ci amanarsa, yana da itacen sayarwa da harawar dabba, ba sai ya sayar da tunkiyarsa ta ƙarshe ya taho Yamai yawon bara ba.

Me ya sa wannan ya kama, alhali dashe da yawa da aka yi da kuɗi mai yawa ya mutu? Amsar tana ga mallaka. A dā manomi yana ganin itace na gwamnati ne, in ya taɓa shi ma'aikacin daji ya ci shi tara, to don me zai raine shi? Da aka sassauta, ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai ya tsare shi kamar ɗansa. A ran 30 ga Yuli 2020, tsakiyar shekarar korona, hukuma ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raya a gonarsa. A ganinmu wannan takarda tana cikin mafi albarkar abin da aka yi a wannan shekara, kuma ba ta ci miliyar ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da wannan fahimta a babin rayar da matacciyar ƙasa: wanda ya fito da ruwa a cikinta, ko ya yi dashe, ko ya nome ta, ya sami haƙƙi a kanta, sai dai in tana kusa da gari dole a nemi izinin shugaba. Mu kwatanta da ɗamarar itatuwan Yamai da aka fara dasawa a 1965, mafi yawanta dogon yaro, wajen hekta 2,500. Tun da ta kowa ce, babu mai ita, yau filaye da gine-gine da juji sun cinye babban sashenta.

Kada ɗan birni ya ce wannan sha'anin ƙauye ne. Kogin Isa yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar da ke tasowa daga Gine, mai isowa a hankali cikin sanyin hunturu. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda koramun Sirba da Dargol da Goruwol ke kawowa daga yamma, shi ne mai yi mana ɓarna. Janta daga ƙasar da ya kwaso ne. Inda aka sare daji, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangaro gaba ɗaya da yashinsa ya cike cikin kogi. Saboda haka duk ramin tassa ko rabin wata da aka gina a faƙon yamma, irin waɗanda mutanen Illela da Keita na jihar Tawa suka gwada tun shekarun 1980, ruwa ne aka tsare wa Lamorde. Mutanen karkara suna kiran irin wannan aiki gina-ka-ci: saurayi ya yi haƙa da rani, a biya shi kuɗi ko hatsi, ƙasa ta rayu, shi kuma bai tafi ci-rani ba. Wannan shi ne ainihin abin da Turawa suka nema da miliyoyinsu, da kwasa da shebur. Haka nan uwargidan da ta koma girki da gas, wanda ya yi sauƙi bayan buɗe matatar man Damagaram a ƙarshen 2011, ta rage motar itace ɗaya daga dajin Say.

Rabonmu mu jama'ar masallaci

Sau da yawa masu hali suna tambaya ko ya halatta su fitar da zakkarsu a gina rijiya ko a sayi farantin rana. A mazhabarmu zakka tana da masu ita guda takwas da Alƙur'ani ya ambata a Suratut Tauba, kuma ana mallaka ta ne ga mutum. Malamai sun hana a gina ganuwar gari da ita, balle magudanar ruwa. Amma ya halatta a ba talaka mai sana'a abin da zai wadace shi, shi kuma ya sayi kayan aikinsa da kansa: mai lambu a bakin kogi ya sayi famfo mai aiki da rana ya huta da sayen mai, tela ya sa faranti ɗaya a kan shagonsa. Zakkar da aka yanyanka dala ashirin-ashirin a ƙofar gida tana ƙarewa kafin la'asar. A ba mutum biyu abin da zai tashe su ya fi kusa da manufar shari'a.

Akwai kuma abin da bai bukatar ko dala. Toshe hanyar ruwa cutarwa ce, cutarwa kuwa haramun ce. Wanda ya zuba shara da leda a magudanar unguwa, ko ya yi gini a bakin kwarin Gunti Yena ya karkatar da ruwa gidan maƙwabci, yana da alhakin katangar da ta faɗi ko da yana sahun farko. An kafa dokar hana leda tun 2014, amma kowa ya ga abin da ke cikin magudanunmu.

Ayyukan gama-gari kuwa ƙofarsu hubusi ce, wato wakafi, kamar yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmin Madina. Ƙasarmu ta yi dokar wakafi a 2019, aka kuma kafa hukuma mai kula da shi. Mazhabar Imamu Malik ta yalwata a nan fiye da yadda mutane suka sani: ana hubusin abin da ake iya ɗauka, ba sai gida ko gona ba, ana kuma yinsa na ƙayyadadden lokaci. Ke nan ya inganta ɗan kasuwa ya yi hubusin famfon rana ga ƙauyensu, ko gandun renon itatuwa, ko ya ba da filinsa shekara goma matasa su yi lambu sa'an nan ya komo masa. Rumbun tsimi na unguwa ma ya shiga ciki, kuma dabarar barin hatsi a zangarniyarsa da kakanninmu ke yi ita ce Annabi Yusufu (AS) ya koya wa mutanen Masar.

Sai dai mai niyyar hubusi ya kiyaye abu biyu. Na farko, kada ya yi da baki kawai ya ci gaba da riƙe abin a hannunsa, domin a wurin malamanmu in ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye shi kafin a karɓa, hubusin ya ɓaci, abin ya koma gado ko hannun masu bin bashi. A rubuta, a kafa shaidu, a damƙa wa wakilin da zai kula. Na biyu, a yanka wani kaso na abin da yake samarwa domin gyaransa tun kafin a raba wa kowa, haka malamai suka gabatar da gyaran hubusi a kan masu cin amfaninsa. Farantin rana yana iya shekara ashirin, amma sau da yawa batirinsa ba ya kaiwa ko rabin haka, ƙurar hunturu kuma tana rage masa ƙarfi in ba a goge ba. Ƙauyukanmu cike suke da famfunan da suka mutu saboda ƙarfe ɗaya na jika biyar. Saboda haka a rubuta cikin takardar hubusin nawa za a riƙa karɓa a kan kowace jarka, a hannun wa za a aje, da sunan wanda zai gaje shi in ya yi tafiya ko ya rasu.